Waya a hannu, ido na bushewa

Yau zancen ido za mu yi.

Mai POS, ɗalibi mai shirin JAMB, da mai kwana a TikTok, kukansu ɗaya: ido na ƙaiƙayi, ya yi ja, kamar an watsa masa yashi.

Ga dalili. A kan ƙwayar ido akwai siririn lulluɓin hawaye mai hawa uku: yauƙi a ƙasa, ruwa a tsakiya, maiƙo a sama da ke hana ruwan ƙafewa. Duk ƙiftawa ɗaya sake shimfiɗa shi take yi. Mutum kan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti, amma in ya ƙura wa waya ido, sai ƙiftawar ta ragu da kusan rabi. Lulluɓin ya tsattsage, ido ya bushe. To ka haɗa da ƙurar hunturu da iskar fanka!

Mafita? Duk minti 20, ɗaga kai ka dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka ƙiƙƙifta sosai. Kar fanka ta riƙa bugun fuskarka.

Don Allah kar ka sayi maganin ɗigawa a kemis da ka. Wasu na ɗauke da sitiroyid, wanda yawan amfani da shi ke iya jawo hawan jinin ido har makanta. In ciwon ya ƙi tafiya, ka nemi likitan ido. Akwai asibitin ido na ECWA a Kano.

Waya ana sake saye, ido fa? Mu haɗu a shiri na gaba.