Rumbun Mai da Albashin Malami

Shugaban taro, iyayenmu malamai da suka yi ritaya, 'yan'uwa maza da mata daga Yauri da Ngaski da Shanga, barkanku da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Wara da ƙauyukan bakin ruwa.

An ɗora mana magana a kan yadda gwamnatoci ke sayen ɗanyen mai su adana idan farashinsa ya karye. Wani zai ce ina ruwan malamin firamare da wannan? A yi mana haƙuri, za mu iso ga albashi.

Bayan da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, sai ta kafa rumbunta na ko-ta-kwana a 1975. A cikin manyan ramuka take zuba shi, waɗanda aka rarake a jikin gishirin ƙarƙashin ƙasa a jihohin Texas da Louisiana, kuma suna iya ɗaukar sama da ganga miliyan 700. A lokacin annobar korona, ranar 20 ga Afrilun 2020, farashin ganga a kasuwar Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri, domin an rasa wurin ajiya har mai kaya ya koma biyan wanda zai karɓa. Indiya ta yi amfani da wannan arha ta cika rumbunanta uku, Sin ma ta saya da yawa. A Amurka kuwa, Shugaba Trump ya ba da umarnin sayen ganga miliyan 77, majalisa ta ƙi ba da kuɗin. Ashe ko a can ba kullum ake fafe gora kafin ranar tafiya ba.

To amma waɗannan masu saye ne. Mu masu sayarwa ne, kuma ranar da mai ya yi arha ita ce ranar da baitulmalinmu ke bushewa. Saboda haka abin da ya kamace mu adanawa kuɗi ne, a kwanakin tsada. An gwada. A 2004 gwamnatin Obasanjo ta buɗe asusun rarar kuɗin ɗanyen mai, wanda ya kai kimanin dala biliyan 20 a 2008. Gwamnoni suka garzaya Kotun Ƙoli, suna cewa tsarin mulki ya tanadi a raba duk abin da ya shiga asusun tarayya. Ba mu ce ba su da hujja ta shari'a ba. Sai dai an yi ta rabawa ana ɗiba, har a farkon 2020 saura dala miliyan 72 kacal.

Ga inda maganar ta taɓa mu. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, a Janairun 2016 ta gaza dala 30. Kason wata-wata ya ragu, jihohi da dama suka kasa biyan albashi, har sai da gwamnatin tarayya ta kai musu ɗauki a 2015. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, don haka duk faɗuwar da aka yi a kasuwar duniya, a tukunyarsa take ƙarewa.

Abin takaici, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin amfanin ajiya. Tun 1968 madatsar Kainji ke riƙe ruwan ambaliya domin a sami na juya injin da rani, kuma iyayen wasunmu da ke zaune a nan sun bar tsibiransu da gonakinsu saboda ita.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kason jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru ƙwarai, mu kuma muna biyan kuɗin a tashar mota da kuma a bakin jirgin ruwa. Yanzu ne kakar gwamnati. Muna ba da shawarar reshen nan ya rubuta wa shugabanninmu na jiha a Birnin Kebbi, su nemi majalisar dokoki ta yi dokar ware albashin malamai na wata uku a asusu na dabam, wanda ba za a taɓa ba sai kaso ya gaza, kuma a riƙa bayyana abin da ke cikinsa a fili. Idan taro ya amince, muna roƙon sakatare ya kawo daftarin wasiƙar a zamanmu na gaba.