Daga Buenos Aires Zuwa Yelwa: Yadda Ake Raba Wa Makaɗa Aiki



Da aka ce zan yi magana a kan kiɗa, na san waɗansunku sun zaci tarihin Shata ko na Narambaɗa zan kawo. To, ku yi mini haƙuri, yau da nisa zan fara. Zan kai ku ƙasar Ajantina, sa'an nan mu komo gida Yelwa, bakin kogin Kwara. Tambayar da nake so mu duba ita ce: in an ɗauki waƙar da makaɗa goma suka saba yi, aka ce mutum uku su kaɗa ta, ko kuwa aka sauya mata kayan kiɗa ɗungum, me za a riƙe, me za a bari ya faɗi?

A biranen Buenos Aires da Montevideo aka haifi kiɗan da ake kira tango, wajen ƙarshen ƙarni na 19, cikin unguwannin talakawa da baƙi 'yan ci-rani. Da fari mutum uku ke yinsa: mai sarewa, da mai jita, da mai goge irin na Turawa. Daga baya wani abin kiɗa ya zo daga Jamus, sunansa bandoniyon, watau wani akwati mai maɓallai dama da hagu, ana ja ana matsewa kamar zugazugin maƙeri. Zuwansa ya kori sarewa, kiɗan ya rage gaggawa, ya yi nauyi. A 1924 Julio De Caro ya kafa ƙungiya ta mutum shida: bandoniyon biyu, goge biyu, fiyano, da wani ƙaton goge mai kaurin murya wanda sai a tsaye ake kaɗa shi. Kafin ƙarshen shekarun 1940 ƙungiyoyin gidajen rawa sun kai mutum goma ko fiye. Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne, yawancinsu ba su da ganga ko ɗaya. Aikinta an ɗora wa fiyano da ƙaton gogen nan, su ke riƙe da ƙafar masu rawa.

Wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a ta tsara kiɗa shi ne Astor Piazzolla. Ya shiga ƙungiyar Aníbal Troilo a 1939 yana ɗan shekara 18, ba da daɗewa ba ya zama shi ke rubuta wa kowane makaɗi abin da zai kaɗa. An san Troilo da ɗaukar roba ya share abin da yaron ya cusa fiye da kima, don shi Troilo masu rawa yake dubawa, yaron kuwa gwanintarsa yake son nunawa. A 1954 Piazzolla ya tafi Faris karatu wurin Nadia Boulanger, ita ce ta ce masa ya koma ga tangonsa. A 1960 ya kafa ƙungiyarsa ta mutum biyar. Kiɗan nan nasa mai suna Adiós Nonino, wanda ya yi a 1959 da mahaifinsa ya rasu, ya yi ta sake masa tsari: na mutum biyar, na mutum tara, har da na babbar ƙungiya. Kowane tsari da kamarsa, amma mai saurare ba ya ɓata.

Yanzu mu komo gida. Mu ma muna da wannan ilmi, sai dai ba a takarda yake ba. Fadar Yauri ta san taushin Aliyu Ɗandawo, ta kuma san muryar ɗansa Sani. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da irin wannan ƙungiya ya san ba taron hayaniya ba ce. Jagora na kawo ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓe, su mai da shi ga gindin waƙa, a nan jagora ke samun numfashi da tunanin abin da zai biyo. Maroƙi kuma ya san inda zai tsoma baki. A wurin masu kalangu, babban kalangu shi ke magana, ƙananan su riƙe masa hanya. Ku dubi kuma Ɗanmaraya Jos: shi kaɗai, da kuntigi mai tsarkiya guda. Ina 'yan amshinsa? Kuntigin ne ke amsa masa. Lalle wannan tsari ne, ba kuwa ƙarami ba.

Inda muka sha bamban da mutanen Ajantina shi ne, kiɗanmu magana yake yi. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai kalangu kuwa yana matsa tsarkiya a hammata yana saki don ya bi wannan hawa da saukar, har mai saurare ya ji take ya san da wa ake. Na koyi wannan da kunya. Wata shekara, a daren al'adu, muka ɗauki wata waƙar fada muka ba wani abokinmu mai fiyanon lantarki, ya kunna gangar cikin na'ura, muka hau. Ɗalibai suka yi ta tafi. Da aka tashi, wani dattijo mutumin Yelwa ya kira ni gefe, ya ce, "Ɗana, na ji muryarku, amma gangarku bebiya ce." Gaskiyarsa. Mun riƙe sauri, mun riƙe karin murya, mun yar da maganar. Da mun bar mai kalangu guda a gaba, muka sa fiyano ya yi aikin ƙananan ganguna kaɗai, da waƙar ta tsira.

Akwai kuma abin da Piazzolla bai taɓa fama da shi ba. Shi yana iya kiran duk abin kiɗan da ya ga dama. Mu kuwa tambari da kakaki na sarauta ne, ba a ɗauko su don an ga sun dace da waƙa. Mai tsari a nan sai ya san matsayin abu kafin ya san sautinsa. Haka nan wurin ma yana da hukunci. Kiɗan da ake yi cikin kwalekwale ranar Rigata dole ya bi bugun filafili, jirgi kuwa ba ya ɗaukar makaɗa da yawa. In ka kawo shi kan dandamali ba ruwa ba matuƙa, sai ka nemi wanda zai ɗauki aikin filafilin, ko da tafi ne ko ƙwarya.

Abin da ya fi damuna shi ne waƙoƙin tsibirai. Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwan Gungawa da yawa, aka tashe su zuwa sababbin matsugunai. Wanda yake saurayi mai shekara 20 a lokacin, yau ya doshi 80. Irinsu ne suka ji waɗancan waƙoƙi da cikakkiyar ƙungiyarsu, suka san wa ke shiga, wa ke jira. Kowannenmu yana da wayar da ke ɗaukar murya. Saboda haka ina roƙon 'yan Ngaski da Shanga da Yauri, in an yi dogon hutu, kowa ya nemi tsohon makaɗi guda a garinsu. Ku je da goro, ku nemi izni. In ya yarda, ku ɗauki waƙar gaba ɗaya tukuna, sa'an nan ku roƙi kowane makaɗi ya kaɗa nasa kashin shi kaɗai, ku rubuta sunan abin kiɗan da harshen masu shi. Wanda ya samo, ya kawo wa sakataren ƙungiya a makon farko na komowa.