Bayan Ruwa Ya Janye



Mu 'yan ƙasar Gumel da tsoron fari muka tashi. Tun daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, daga Gumel har bakin iyaka a Maigatari, babu wani babban kogi da ya ratsa mu. Saboda haka in aka ce ambaliya, sai mu ɗauka zancen mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja ne. Amma ruwan sama na dare ɗaya a watan Agusta ya isa ya cika kududdufan da aka haƙa don yin tubali, su tumbatsa su shiga gidaje. A shekarar 2022 ambaliya ta hallaka mutum fiye da 600 a Nijeriya, jiharmu ta Jigawa kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Abin da muka zo tunatarwa a yau shi ne, ranar da ruwa ya janye, ranar wani haɗarin yake farawa. Waɗanda ya fi fuskanta kuwa su ne iyayenmu mata da ƙannenmu, domin su ne suke fara ɗaukar tsintsiya.

Da farko, kada a shiga ɗaki sai an duba gini. Katangar ƙasa daga gindi take shan ruwa, tana iya tsayawa kwana biyu ko uku kamar lafiya lau, sa'an nan ta zube. In an ga tsaga, ko azara ta lanƙwasa, a kira magini, a kwana a waje. A kashe wutar lantarki daga babban makunni kafin a taka jiƙaƙƙen daɓe. A ɗaga kaya da sanda, kada a zura hannu, gama ruwan da ya kore mu ya kori maciji da kunama, su ma busasshen wuri suke nema.

Na biyu, taɓon da ruwa ya bari ba ƙasa ce kawai ba. Ruwan ya bi ta masai da turken dabbobi da juji kafin ya iso tsakar gida. Mai aikin ya sa takalmin roba da safar hannu, in babu, ya ɗaura leda. Mai miki a ƙafa ya bar wa wani aikin, yara kuma a nisanta su. Wanda ƙusa ko tsohon kwano ya yanka ya tafi asibiti a yi masa allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora.

Na uku, aikin yana da jeri. A kwashe taɓo, a wanke da sabulu, daga nan a bi da ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, misalin kofin shayi ɗaya cikin jarka mai lita 20. Zuba bilic a kan taɓo asara ce, don datti yana kashe ƙarfinsa. Kada a kuskura a gauraya shi da maganin wanke bayi ko wani sinadari da nufin ƙara masa ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai ƙona huhu. A buɗe ƙofa da taga. Janareta da gawayin busar da ɗaki su tsaya a fili, domin hayaƙinsu yana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Katifar da ta sha wannan ruwa ba ta wankuwa. Gero ko gyaɗar da ta yi funfuna, duk da zafin asarar, ba abin ci ba ce, ko ga dabba.

Na huɗu, ruwan sha. A shekarar 1854 wani likita, John Snow, ya bi sawun annobar kwalara a birnin Landan har ya gano daga famfon unguwa ɗaya take fitowa. Mu ma mun gani a 2021, lokacin da amai da gudawa ya kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, Jigawa na sahun gaba. Rijiyar da ambaliya ta shiga kada a sha ruwanta sai an yashe ta an sa mata magani. Kafin nan a tafasa ruwa ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, a wanke randa da moɗa. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana kan hanyar asibiti. Mu tuna kasuwar Maigatari tana tara jama'ar Nijeriya da Nijar kowace Alhamis. Cutar da ta tashi a gida ɗaya ba ta neman fasfo.

'Yan'uwa, iyayenmu sun sayar da riɗi da tumaki sun turo mu jami'a. Hutun damina yana samunmu a gida. Kowannenmu ya zauna da mahaifiyarsa ya bayyana mata wannan jeri, ya roƙi mai unguwa da liman su sanar da jama'a, in ruwa ya shiga gidan maƙwabci kuma ya zamana mu ne na farko da za mu naɗe ƙafar wando. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrinta.