Rarraba Gaɓoɓin Dogayen Kalmomi: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara

Shugaban ƙungiya, malamanmu masu girma, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Waɗanda muka yi aji ɗaya da su ba za su manta ranar da aka tashe ni karatu ba, na ci karo da sunan Karɓagari, na tsaya cik kamar jakin da ya ga rijiya. Marigayi malaminmu na Hausa, Allah ya jiƙansa, bai dake ni ba. Sai ya ɗauki alli ya rubuta kar-ɓa-ga-ri, ya ce, "Kalma nawa ka gani?" Ashe biyu ce, karɓa da gari, sunan ɗan Bagwariya. Har ma masu ba da tarihin Daura sukan ce shi kansa Bayajida daga "ba ya ji da" aka samo sunansa.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, ko baƙi da dogon wasali ko tagwai, ko kuma baƙi da wasali da baƙi. Babu gaɓar da take farawa da wasali. Shi ya sa muke sa alhamza a Mai'aduwa, mai-'a-du-wa. Wanda ya zubar da ita sai ya ce "Mayaduwa", kuma na sha jin haka a bakin masu shela, raina yana ɓaci. Bahaushe kuma ba ya son baƙaƙe su cunkushe masa a farkon gaɓa, don haka da ya ari sunan abin kwance ƙusa sai ya mai da shi su-ku-ru-di-re-ba.

Mu ma mun yi sa'a. A ƙasar Danmak manne kalmomi suke yi ba sarari, kalma ɗaya ta cika layi. Mu kuwa muna da karan ɗori: fasa-ƙwauri, a-ci-balbal, dafa-duka.

Abin da ya dame ni shi ne ƙannenmu da 'ya'yanmu. Na zauna da 'yan aji ɗaya, na ga yara da dama suna cankar doguwar kalma daga harafin farko, ba sa rarraba ta. Ina roƙon Shugaba a ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don gasar karatu a bayyane kowane zangon karatu. Ni na ɗauki nauyin littattafan zangon farko.