HARAJI DA FANSHON MAI DAWOWA GIDA BAYAN DOGON ZAMA A ƘASAR WAJE



Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin magana a kan 'yan'uwanmu da suka tafi ƙasashen waje tun shekarun 1980 da 1990, likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da injiniyoyi, waɗanda yanzu furfura ta cim musu, suna shirin dawowa gida. Maganar ta shafi kowa a wannan zaure, domin ku mazauna birane ku ne kuke karɓar aikensu, ku saya musu fili, ku tsaya musu a kan gini, kuma ku ne kuke matsa musu da cewa su tattaro komai su taho. Abin da muke so a fahimta shi ne, hawa jirgi ba ya raba mutum da hukumar harajin ƙasar da ya baro. Tana biye da fanshonsa, da gidansa, wani lokaci har da gadonsa.

Za mu fi tsayawa a kan Ingila, domin can ne dokokin suka fi sarƙaƙiya ga mai fita.

Shekarar haraji a can tana farawa ne ranar 6 ga Afrilu, ta ƙare ranar 5 ga Afrilu na baɗi. Tun 2013 suke da ƙa'ida ta ƙidayar kwanaki wadda ake gane mazaunin ƙasa da ita. Duk wanda ya yi kwana 183 a cikin shekarar haraji mazauni ne. Wanda ya fito kwanan nan kuwa, sai in kwanakinsa a can ba su kai 16 ba ne yake da cikakken tabbacin cewa ya fita daga lissafi. Tsakanin waɗannan biyu ana duba igiyoyin da suka rage masa: gidan da zai iya sauka, iyali, da aiki. Mutum ya dawo gida amma ya bar uwargida da yara a Landan, yana komawa wata uku-uku, yana iya wayar gari har yanzu hukumar HMRC tana ɗaukarsa nata. Saboda haka ranar tashi abar lissafi ce, kuma wajibi ne a sanar da hukumar, galibi ta fom mai lamba P85.

Sai batun da ya fi cin dukiyar mutane, wato kwashe fansho gaba ɗaya. Doka ta yarda mutum ya ɗauki kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara ba tare da haraji ba, iyakarsa fam 268,275. Sauran kuwa ana ɗaukarsa tamkar albashin shekarar da aka fitar da shi. Bari mu koma allo, kamar yadda muka saba. A ce mutum ya tara fam 200,000. Ya ɗauki 50,000 lafiya. In ya kwashe sauran 150,000 a shekara guda don ya gina bene a gida, zai faɗa matakin kashi 40 da na kashi 45, kuma harajinsa zai haura fam 53,000. In kuwa ya riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, yana tsayawa a matakin kashi 20, duk abin da zai biya a tsawon shekarun ba zai wuce fam 30,000 ba. Bambancin ya fi fam 23,000, kuma gaggawa ce kaɗai ta ci su. Ɗalibin aji shida ma zai ga amsar. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma rangwamen da ake yi wa kowa a can, na fam 12,570 na farko a shekara. Ɗan'uwan da ya karɓi fasfo ɗin Birtaniya yana riƙe da wannan haƙƙi ko ya dawo gida. Amma tun Afrilun 2010, zama ɗan ƙungiyar ƙasashe renon Ingila kaɗai ba ya wadatarwa. Wanda bai taɓa neman fasfo ɗin ba ya binciki matsayinsa tun kafin ya ajiye aiki. Haka nan a guji masu zuwa da daɗin baki cewa za su ɗauko wa mutum asusun fanshonsa dungum zuwa wata ƙasa. In asusun da aka mayar da kuɗin cikinsa ba ya cikin waɗanda HMRC ta san da su, harajin da ake ɗorawa yana farawa ne daga kashi 40.

Fanshon gwamnati shi ma yana da tasa matsalar, kuma a ganinmu akwai rashin adalci a cikinta. Ana buƙatar shekara 10 ta biyan kuɗin inshorar ƙasa kafin a sami komai, da shekara 35 kafin a sami cikakke. Za a biya mutum a Najeriya, amma ba za a riƙa yi masa ƙarin shekara-shekara ba, domin Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da wannan yarjejeniya. Wanda ya fara karɓar cikakken sabon fansho a 2016 a kan fam 155.65 a mako, ya dawo gida a shekarar, nan ya tsaya. Abokin aikinsa da ya zauna a can ya kai fam 230.25 a 2025. Wanda ke Amurka ana yi masa ƙari, wanda ke nan ba a yi, alhali gumi ɗaya suka zubar. Tunda ba mu da ikon sauya dokar, sai a shigar da ita cikin kasafi.

Mai gida a can kuma ya sani, in ya ba da haya, dillalin zai yanke harajin matakin farko daga kuɗin hayar sai in an sami izinin hukuma. In ya sayar bayan ya fito, yana da kwana 60 kacal ya kai rahoto.

Iyaye da malamai, ga wurin da muke roƙon ku kasa kunne sosai. Daga 6 ga Afrilu, 2025, Birtaniya ta sauya dokar harajin gado. Duk wanda ya zauna a can shekara 10 cikin 20 da suka wuce, dukiyarsa ta ko'ina a duniya tana shiga lissafi, har da gonarsa da gidan da kuka gina masa a nan garin. Harajin kashi 40 ne a kan abin da ya haura fam 325,000. Kuma fitowa ba ta yanke igiyar nan take: tana bin mutum daga shekara 3 zuwa 10, gwargwadon daɗewarsa, kuma wanda ya cika shekara 20 goman ce tasa. Wato mutum yana iya rasuwa a ɗakinsa a nan, a zauna rabon gado, sannan takarda ta iso wa 'ya'yansa da ke can. Wannan magana ce ta lauya, a yi ta mutum yana da rai da lafiya.

Na Amurka a taƙaice: ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna ci gaba da cika takardar haraji kowace shekara ko'ina suke. Taɓa asusun 401(k) ko IRA kafin shekara 59 da rabi yana jawo tarar kashi 10 a kan haraji, in ba da wani uzuri da doka ta sani ba. Wanda jimillar ajiyarsa a bankunan waje ta wuce dala 10,000, har da bankunanmu na nan, dole ya bayyana. Kuma babu yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin Najeriya da Amurka, saɓanin Birtaniya wadda aka sa hannu da ita a 1987. Na Saudiyya sun huta da harajin albashi, sai dai garatuti ne a dunƙule: rabin albashin wata ga kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata ga kowace shekara bayansu. In ya ƙare, ya ƙare.

A gida ma ba a tsira ba. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026, ta ɗauki mazaunin Najeriya a matsayin mai biyan haraji a kan kuɗin shigarsa daga ko'ina. Naira 800,000 na farko a shekara ba haraji, mataki mafi girma kuwa kashi 25 ne. Gaskiya ne an yafe wa fanshon da ke ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, amma kada mai fanshon waje ya ɗauka kai tsaye cewa yafiyar ta rufe shi. Ya yi rajista da hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa, ya nemi matsayinsa a rubuce, ya adana shaidar duk harajin da aka yanka masa a can.

Game da canji, kowa a nan ya ga abin da ya faru bayan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya mayar da tarin shekara talatin naira kafin wannan lokaci ya san abin da ya same shi. A buɗe asusun kuɗin waje, a riƙa canza abin da za a ci.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce ta kafa ƙaramin kwamiti daga cikin akantoci da lauyoyinmu na Kano da Abuja, wanda mai shirin dawowa zai tuntuɓa shekara biyu ko uku kafin ya ajiye aiki, tare da ƙwararre na ƙasar da yake. Ku kuma da kuke tsaye a kan gine-ginen 'yan'uwanku, in ɗan'uwa ya ce zai riƙa turo kuɗin rufi kashi-kashi cikin shekara huɗu, kada ku ce masa ya yi rowa.