Gangaren Dutse a Ƙarƙashin Titi: Jawabin Magatakarda a Taron Cikar Shekara

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, direbobi da yaran mota, barkanmu da ganin wannan rana. Ma'aji ya riga ya karanta mana lissafin kuɗi. Mu a ofis an ba mu aikin yin magana a kan hanya, domin duk cinikin da muke yi a kanta yake tafiya.

Kowa a nan ya san gangaren Mbe, wanda direbobi ke kira falez, tsakanin Ngaundare da Garwa. Ngaundare tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,000, Garwa kuwa tana ƙasa a bakin Binuwai, ba ta kai mita 300 ba. Tun da layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, kayan da jirgin ƙasa ya sauke a can ta wannan gangare suke bi zuwa Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena. Albasa, gyaɗa da shanu kuma ta nan suke hawa zuwa kudu. Idan ƙasar da ke riƙe da kwaltar wurin ta zame, babu wata hanyar kwalta a kusa da za ta ɗauki tirela.

Mun ga abin da ya faru a gangaren Dschang, kan hanyar da ke sauka zuwa Duwala, ranar 5 ga Nuwamba 2024. Bayan ruwa mai yawa ƙasa ta zubo ta toshe titi. Ana cikin kwashe ta, motoci na tsaye suna jira, sai ta sake zubowa, ta rufe motocin fasinja da injinan aikin, aka rasa rayuka. Kafin nan, ranar 21 ga Oktoba 2016, ruwa ya cinye kwalbati kusa da Matomb, titin Yawunde zuwa Duwala ya yanke. Matafiya suka koma tasha, aka ƙara wa jirgi taragai, jirgin ya kife a Eseka, mutum 79 suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Allah ya jiƙansu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To, me ke sa gangare ya zame? Babban dalili ruwa ne. Titin da aka yi a jikin dutse, an sare gefe ɗaya ne aka cike ɗaya gefen da ƙasa. Idan ruwa ya shiga cikon nan, yana ƙara masa nauyi, yana kuma raba ƙwayoyin ƙasa da juna har su daina riƙe kansu. Daga nan sai ƙasar ta fara silalewa a kan dutsen da ke ƙarƙashinta, kamar buhun da aka ɗora a kan jiƙaƙƙen tamfol. Rafi na iya cin gindin gangaren daga ƙasa, mota mai lodi fiye da kima kuma tana danna shi daga sama.

Shi ya sa masu aikin hanya ke fara gyara da korar ruwa. Ana haƙa lambatu a saman gangare ya tare ruwan da ke gangarowa, a buɗe kwalbatoci, a kai bakinsu can ƙasa inda ruwan ba zai ci ciko ba. Idan ruwan ya riga ya shige ciki, ana huda jikin gangaren a cusa bututu masu ƙananan ramuka, su riƙa tsiyayar da shi. Sannan a rage nauyin sama, a yanka gangaren hawa-hawa kamar matakala. A gindi kuma a sa abin da zai tokare: katangar kankare mai kafofin fitar ruwa, ko kejin waya cike da duwatsu da kuke gani an jera a bakin gada. Inda ƙasar ta yi zurfi, ana kafa turakun kankare ko dogayen roduna har su kama dutsen da ba ya motsi. A ƙarshe a shuka ciyawa irin jema, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa sosai tana ɗaure ta.

Idan kuwa aka zo aka shafa sabuwar kwalta a kan tsaga ba a taɓa ruwan da ke ƙasa ba, damina ɗaya ta isa ta dawo da tsagar. Ku lura da wurin da ake ta faci shekara bayan shekara: yawanci ƙasar ce ke tafiya.

Wannan aiki na hukuma ne da injiniyoyi. Amma mu ne muke bin hanyar dare da rana, mu ne za mu fara ganin alama. Direbobi, ku sa ido a kan tsaga mai lanƙwasa kamar jinjirin wata a gefen kwari, da kafaɗar titi da ta nutse, da ƙarfen kariya ko bishiya da suka karkata, da ruwa mai laka da ke fitowa daga jikin gangare bayan an ɗauke ruwan sama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka. Wanda ya gani ya ɗauki hoto, ya faɗi alamar kilomita mafi kusa, ya turo wa ofis ta WhatsApp. Mu za mu rubuta a littafi da kwanan wata, mu kai wa masu kula da hanya.

Akwai kuma abin da ke hannunmu kai tsaye. Alhazai masu kaya, mun san kuɗin mota ya yi tsada, amma lodin da ya wuce ƙa'idar sikeli yana cin titin da gobe za mu bi. Yaran mota, dutsen da kuka yi waigi da shi ku ɗauke shi daga kan titi, kada ya gangara ya toshe lambatu, haka ma leda da robar ruwa. Mu rage sayen itace da gawayin da aka saro daga jikin gangaren, domin saiwar bishiyoyin nan ce ke riƙe ƙasa. Abu mafi muhimmanci: idan ƙasa ta zubo aka tare hanya, kada kowa ya jera mota a ƙarƙashin wurin yana jiran a buɗe. A ja baya nesa, ko albasa za ta ruɓe. Asarar lodi ɗaya ana iya mayar da ita.

Ofis yana kawo shawara biyu a gaban taro. Ta farko, mu haɗa hannu da 'yan uwanmu na ɓangaren Chadi da na Najeriya mu rubuta takarda ɗaya, mu roƙi a share lambatu da kwalbatocin gangaren kowace shekara kafin ruwan Afirilu. Ta biyu, daga Yuli zuwa Oktoba duk direban ƙungiya da ya sauka ko ya hau gangaren ya sanar da halin da ya bar hanya, domin na bayansa ya san abin da zai tarar.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a ɗaga hannu a kan waɗannan biyun kafin a tashi, domin takardar ta fita cikin makon nan. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a kasuwa.