Ruwan da Ke Riƙe da Yawon Buɗe Ido a Kwarin Sus na Maroko

An nemi in yi magana a kan wuraren shaƙatawa da abubuwan da ke jan baƙi zuwa yankin kwari na bakin teku. Maimakon in yi ta zagaya duniya da ku, na zaɓi wuri guda, wato kwarin Sus da ke kudu maso yammacin Maroko, domin a can ne batun ya fi fitowa fili. Abin da zan kare a gabanku shi ne cewa kusan duk abin da baƙo ke biyan kuɗi ya je gani a wannan kwari ruwan daɗi ne ke riƙe da shi, kuma masu otal da kamfanonin yawon buɗe ido da ke ɗaukar matsalar ruwa a matsayin ciwon kan manoma kaɗai suna wasa ne da jarinsu.

Kogin Sus yana tasowa daga manyan duwatsun Atlas, ya gangara yamma tsakanin jerin duwatsu biyu, ya faɗa tekun Atlantika kusa da birnin Agadir ta kudu. Yawancin shekara ba ka ganin komai a cikinsa sai rairayi. Mutanen kwarin akasarinsu Shilha ne, masu magana da harshen Tashelhit, kuma tarihinsu ya taɓo namu ta wata kafa, domin daga wannan yanki ne daular Sa'adiyawa ta yi ƙarfi a ƙarni na 16, ita ce kuma ta tura rundunar da ta karya Songai a 1591. Agadir da ake gani yau sabon birni ne. A daren 29 ga Fabrairun 1960 girgizar ƙasa ta rusa tsohon garin, ta hallaka mutum 12,000 zuwa 15,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na mazaunansa. Da aka tashi sake gini an ɗan matsa kudu, aka shimfiɗa faffaɗan tituna, aka jera otal-otal suna fuskantar teku. Ke nan tun daga tushe an gina birnin da niyyar karɓar baƙi, kuma niyyar ta cika. Ana da bakin teku mai tsawon kusan kilomita goma, da babbar kasuwar Suk al-Had inda ake samun komai tun daga kayan yaji har darduma, da filayen wasan golf, da bikin kaɗe-kaɗe na Timitar da ake yi tun 2004. Tsohuwar ganuwar da ke kan tudu, wadda girgizar ta bari kufai, tun 2022 ake hawanta a cikin ƙananan akwatuna masu tafiya a kan waya. Idan aka yi arewa kimanin kilomita 20 sai a isa Tagazut, ƙauyen masunta da ya zama matattarar masu wasan hawan igiyar ruwa daga Turai, musamman daga Oktoba zuwa Maris lokacin da teku ke tumbatsa.

Wannan shi ne ɓangaren da tallace-tallace ke nunawa, ba kuma zan daɗe a kansa ba. Abin da ya bambanta Sus da sauran gaɓar teku yana can ciki, bayan an juya wa teku baya. A cikin duwatsun arewa da Agadir akwai wani kwazazzabo da baƙi suka laƙaba wa suna Kwarin Aljanna, inda ruwa ke taruwa a cikin kwarmin duwatsu a ƙarƙashin itatuwan dabino, matasa na tsalle daga kan dutse suna faɗawa ciki. Gaba kaɗan akwai magangarar ruwa ta Imuzzer. A Inzerki akwai tsohuwar ma'ajiyar amya ta tarayya, gini hawa-hawa na laka da itace a jikin tsauni, inda kowane gida ke da gurbin ajiye ƙudan zumansa. Kimanin kilomita 80 gabas da Agadir kuma ga Tarudant da ganuwarta ta jar ƙasa, kewaye da gonakin lemo da zaitun. Duk wanda ya san ganuwar Kano zai gane irin ginin da gani ɗaya, zai kuma gane irin ɗawainiyar da gyaransa ke ci, balle bayan girgizar ƙasar Satumban 2023 da ta yi wa lardin mummunar ɓarna.

Sai itacen argan, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗan'uwan kaɗanya ne a wajen masana tsirrai, gajere, mai ƙaya, mai saiwa da ke nitsawa ƙasa sosai, kuma kusan babu inda yake fitowa da kansa a duniya in ba wannan sashe na Maroko ba. Hukumar UNESCO ta sanya dajinsa cikin wuraren da ake kiyayewa a 1998, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe masa ranar 10 ga Mayu. Baƙon da aka kai ƙungiyar mata masu yin man argan zai tarar da su zaune a ƙasa, kowace da dutse a gabanta da wani ƙarami a hannu. Takan ɗora ƙwallon argan a kan babban, ta buga masa sau ɗaya a daidai gaɓarsa, ta zare ƙwayar da ba ta kai girman farce ba, ta jefa a kwando, hannunta ya riga ya kai ga na gaba. Ƙwallon ya fi na yawancin 'ya'yan itace tauri, kuma sai an tara 'ya'ya kilo 30 ko fiye kafin a sami lita ɗaya ta mai. Na ci ana soya ƙwayarsa sama-sama kafin a niƙa, na shafawa kuwa ɗanye ake matsewa. Daga nan a kawo wa baƙo amlu, haɗin man da almon da zuma, ya dangwala da gurasa. Waɗannan ƙungiyoyi sun fara ne a tsakiyar shekarun 1990 da ƙoƙarin Farfesa Zoubida Charrouf ta jami'ar Rabat. Amma abin da ya raya dajin tun kafin su wata tsohuwar doka ce ta ƙauyuka da ake kira agdal, wadda ke hana kiwo a cikinsa na wasu watanni har 'ya'yan su nuna su zuba. Itacen yana jure fari ƙwarai, sai dai juriya tana da iyaka: idan shekarun fari suka jeru yakan zubar da ganye ya daina 'ya'ya, matan kuma su rasa abin fasawa.

Kudu da bakin kogin akwai gandun dajin Sus-Massa, wanda aka kafa a 1991 a kan hekta 33,800. Ana kiwon jimina da barewa da mariri a cikinsa, har da dabbar nan ta hamada da ake kira addax, wadda 'yan ƙalilan da suka rage mata a daji suna yankin Termit na Nijar. Amma abin da ke sa masu kallon tsuntsaye su biya kuɗin jirgi daga Ingila da Jamus wani baƙin jinjimi ne mai sanƙo da jan baki, wanda ke sheƙa a jikin duwatsun da ke kallon teku, a cikin gandun da kuma Tamri ta arewa da Agadir. Kusan duk waɗanda suka rage na daji a duniya a nan suke. A ƙarshen shekarun 1990 masu hayayyafa ba su wuce aure sittin ba. Abin da aka yi don ceto su ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. An ɗauki masu gadi daga ƙauyukan masunta na kusa don hana a dame su lokacin kwanci, aka kuma tanadi 'yan ƙananan wuraren shan ruwa kusa da sheƙunansu, sai aka ga 'ya'yan da ke rayuwa sun ƙaru. A 2018 aka sauke tsuntsun daga jerin waɗanda ke gab da ƙarewa zuwa mataki na ƙasa da shi. A nawa ganin wannan shi ne aikin yawon buɗe ido mafi riba da aka yi a yankin idan aka auna da abin da aka kashe, ko da yake waɗanda suka yi shi ba da wannan sunan suka yi ba.

To, ina ruwan yake tafiya? Kwarin Sus da filin Shtuka da ke maƙwabtaka da shi su ne lambun Maroko. Daga nan ne mafi yawan tumatirin da ƙasar ke sayar wa Turai ke fitowa, daga rumfunan leda da suka rufe ƙasa iya ganin ido, haka ma kaso mai yawa na lemonta. Shekaru da dama ana zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa fiye da yadda sama ke mayarwa, rijiyoyi na ƙara zurfi kowace shekara. A yankin Gerdan sai da manoma suka bar dubban hektocin lemo suka bushe, har aka ja bututu mai tsawon kimanin kilomita 90 daga madatsar Awluz don ceto abin da ya saura. A kan wannan ne fari ya zo a wajen 2018, ya yi shekaru a jere. A ƙarshen 2020 an riƙa ɗauke ruwan famfo da dare a Agadir, aka kuma hana gonaki ruwan madatsu don birni ya sha. Tafkunan Kwarin Aljanna suka ƙafe ko suka koma tsanwa, magangarar Imuzzer ta zama busasshen dutse a yawancin watanni, ƙudan zuma suka watse daga amya da yawa a Inzerki. Abin ya kai ga Sarki Muhammad na Shida ya roƙi 'yan ƙasar su haƙura da layya a 2025 saboda yadda dabbobi suka ragu. Duk Musulmi ya san ba ƙaramin abu ke kai shugaba ga irin wannan roƙo ba.

Mai otal zai ce, kuma da gaskiyarsa, ba shi ya shanye ruwan ba. Noma ne ke cin fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan da ake amfani da shi a Maroko, wasu filayen golf na Agadir ma da ruwan kwata da aka tace ake ba su ruwa. Na yarda da wannan lissafi. Sai dai rashin laifi ba ya hana asara. Mai gonar tumatir idan rijiyarsa ta ƙafe yana iya kwashe ledarsa ya koma wani lardi, wasu manyan kamfanoni ma sun riga sun buɗe gonaki can kudu. Mai otal ba zai iya ɗaukar ginin da ya kashe wa miliyoyi ba, ba kuma zai iya ɗaukar kwazazzabon da yake tura baƙinsa ba. Wanda ya fi kowa ɗaurewa da wuri shi ya kamata ya fi kowa ɗaga murya a inda ake raba ruwa, ya goyi bayan sanya mita a rijiyoyi da hana haƙa na ɓoye, ko da hakan zai ɓata masa da manyan manoma. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, balle a nan gemun ɗaya ne.

Wani kuma zai ce ai an riga an magance matsalar, tunda ga teku. Hakika a 2022 aka fara aiki da babbar tashar tace ruwan teku ta Shtuka, mai fitar da lita miliyan 275 a kullum, fiye da rabi don sha, saura don ban ruwan kimanin hekta 15,000. Aiki ne babba, kuma shi ya tsare wa Agadir mutuncinta a shekarun da madatsu suka kusa ƙafewa. Amma ku dubi inda bututun ke zuwa. Yana zuwa famfon birni, da wurin ninƙayar otal, da rumfar manomin da amfaninsa ke da tsadar da za ta biya kuɗin ruwan, domin ruwa ne mai cin wutar lantarki da yawa. Ba ya hawa tsauni ya cika tafkin Kwarin Aljanna, ba ya shayar da dajin argan, ba ya fitar da furen da ƙudan zuma ke bi. Amfaninsa ga waɗannan yana zuwa ne ta hanya ɗaya kawai, wato idan kowace lita da aka tace ta maye gurbin litar da da an zuƙo daga ƙasa. Idan kuwa aka mai da shi hujjar faɗaɗa gonaki, rijiyoyi na ci gaba da aiki kamar da, to an ƙara tumatir ne kawai, kwarin kuma yana nan yana bushewa.

Suka ta uku ta fi sauran nauyi. Ana cewa galibin baƙin Agadir rana da rairayi suke nema, sun biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci a dunƙule tun daga gida, da yawansu ba sa ma fita ƙofar otal, saboda haka tsuntsu da zuma ado ne kawai. Akwai gaskiya a ciki, amma ita ce ma ta nuna raunin tsarin. Rana da rairayi akwai su a Tunisiya da Masar da Turkiyya, ga tsibiran Kanari nan kusa, kuma duk wanda hajarsa iri ɗaya ce da ta maƙwabta ba shi da makami sai rage farashi. Kuɗin irin wannan baƙo kuma rabonsa mai tsoka yana tsayawa ne a hannun kamfanin jirgi da dillalin tafiya a Turai. Baƙon da ya hau mota zuwa Tarudant, ya ɗauki ɗan jagora, ya kwana a gidan saukar baƙi na ƙauye, ya sayi mai daga hannun matan da suka matse shi, kuɗinsa na shiga aljihun mutanen da suke da dalilin kare itacen da rafin. A nan ma akwai gyara, domin ba kowane shago mai allon ƙungiyar mata ne na mata ba, kuma mai fasa ƙwallo ita ce ke samun mafi ƙanƙantar rabo a kwalbar da ake sayarwa da tsada a Faris. Haka kuma rusau da hukumomi suka yi a ƙauyen Imswan a Janairun 2024, inda aka share gidaje da shagunan da aka gina a filin gwamnati na bakin teku, ya bar tambayar da ba a amsa ba tukuna: idan an gama tsabtace gaɓar, wa za a ba?

Maroko ta karɓi baƙi miliyan 17.4 a 2024, kuma za ta karɓi gasar cin kofin duniya ta 2030 tare da Sifaniya da Fotugal, Agadir na cikin biranen da aka tsara za a buga wasa. Za a ƙara otal, wannan babu makawa. Ga waɗanda a cikinku za su yi nazari ko aiki a wannan fanni, ina roƙon kada ku tsaya ga ƙidayar gadaje da jiragen da suka sauka. Ku nemi alƙaluman zurfin rijiyoyin Sus na shekara goma, ku tambayi nawa ne ke kaiwa hannun matar da ke fasa argan daga kowace lita, sannan ku yanke hukunci ko harkar tana ci gaba ko cin jarinta take yi.